Sifikokin marigayi Alhaji: yadda muka yi musu kuɗi, da abin da kunnenmu ya ji

Waɗanda suka halarci taron watan jiya sun ji mun yi alkawarin kawo bayani a rubuce kan sifikokin marigayi Alhaji, tsohon mataimakin shugabanmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Maganar ta zaga Agege, ta kai Mile 12, har wani bawan Allah ya tare mu a bakin masallaci yana tambaya wai da gaske ne ƙungiya ta karyar da kayan marayu na naira miliyan 16 a kan ƙasa da miliyan 5. Da yake ƙungiya ce iyalan suka wakilta, kuma littafin yana hannunmu, mun nemi izininsu mu faɗi yadda aka yi daga farko har ƙarshe, kuma sun amince.

Bayan Hajiya ta fita takaba, aka zauna lissafin abin da marigayi ya bari. Gida da shago da mota ba su ba kowa wahala ba, domin akwai masu sanin kuɗinsu a cikinmu. Inda aka tsaya cak shi ne wani ƙaramin ɗaki da ke bayan falonsa, wanda yaran gidan suke kira ɗakin Baba. A ciki akwai kujera guda ɗaya, da kafet mai kauri, da labule har ƙasa, da kantar littattafai, sai sifikoki biyu a tsaye, kowacce ta kai ƙirjin mutum, an yi musu jiki da katako mai sheƙi kamar na gadon amarya. Ƙarti biyu ne suke iya ɗaga guda ɗaya. A cikin wata jaka aka sami rasit: ya saye su a Landan a 2013, fam 8,000. A lokacin fam ɗaya bai kai naira 300 ba, wato kuɗin ya kama naira miliyan 2 da ɗoriya. Yau da fam yake neman naira 2,000, lissafin ya tashi wajen miliyan 16. Daga nan wannan adadi ya fito, ba wani ne ya taya su haka ba.

Babban ɗan marigayi ya ce yana so a bar masa su a cikin kasonsa. Nan gizo yake saƙa. Idan aka yi musu kuɗi miliyan 16, sun cinye masa kaso mai yawa, ya tashi da katako biyu alhali yana da ƙanne a makaranta da suke kallonsa. Idan kuma aka yi musu kuɗin banza, an zalunci 'yan uwansa mata da mahaifiyarsu. Baffansu, wanda ya zo daga gida domin rabon, ya kafe a kan rasit. Ya ce, “Ni dai na ga takarda da idona. Abin da yayana ya biya shi ne kuɗinsu.” Malam liman ya ce masa, “Alhaji, a rabon gado ba a duba abin da mamaci ya biya, ana duba abin da kaya zai yi a kasuwa yau.” Sai aka ɗora wa mu uku, da ma'aji da wani ɗan ƙungiya mai gyaran kayan sauti wanda kowa ke kira Injiniya, mu je mu gano.

Mun ɗauki hotuna muka nufi kasuwar Alaba da ke Ojo, inda duk wani kayan lantarki da ke Legas yake da ɗan uwa. Shago na farko, mutumin ya kalli hoton ya tambaya ko suna da Bluetooth. Muka ce babu. Ya ce fitila fa? Babu. Wurin saka filashi? Babu. Ya ce to wat nawa ne? Da Injiniya ya gaya masa, sai ya yi dariya ya nuna mana wani akwati mai walƙiya da shuɗi da ja, an manna masa takarda mai ɗauke da wat 5,000, ya ce wannan ko kashi ɗaya cikin hamsin na kuɗin da muke faɗa bai kai ba. Mun shiga shaguna sun fi goma. Mutum biyu kaɗai suka gane abin da suke kallo, kuma wanda ya fi tayawa a cikinsu ya tsaya a miliyan 1.2. Ba mu ga laifinsa ba. Ya faɗa mana gaskiya cewa zai iya shekara bai sami mai saye ba, kuma kuɗin ɗan kasuwa ba ya son kwanciya.

A mota muna dawowa, ma'aji ya faɗi abin da ke ran kowa: “Anya ba damfarar Alhaji aka yi a Landan ba?” Wannan tambaya ce ta sa muka ƙi tsayawa a kan tayin kasuwa kawai. Mun san marigayi. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana canji, wanda ake cewa ko a duhu yana gane jabun dala da yatsa. Da wuya a ce ya ɗauki fam 8,000 ya ba da a kan iska.

Injiniya ya fara da warware mana maganar wat, domin ita ce ta fi ruɗa mutanenmu. Ya ce wancan 5,000 da aka manna, idan ka duba da kyau za ka ga an rubuta PMPO a gefensa, kuma wannan awo ne da babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Awon da ake kamawa shi ne wanda ake rubuta wa RMS, kuma sau da yawa akwatin da ke iƙirarin dubbai bai wuce 'yan gomomi ba a wannan awon. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne da ya ce sifikar gida ta kirki, da wat ɗaya tak, tana ba da ƙarar da ta kai desibel 85 zuwa 90 idan kana tsaye taku ɗaya daga gabanta, wato ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kuma ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara, ɗan ƙari kaɗan yake yi. Sai ka ninka shi wajen sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. Ashe duk gasar wat da samarinmu suke yi a unguwa, gasar takardar manne ce.

To idan ba ƙara ake saye ba, me ake saye? Ya buɗe mana bayan wata tsohuwar sifika a shagonsa. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da wani faifai mai siffar mazurari. Wuta ta bi ta naɗin, maganaɗisu ya tura shi gaba ya ja shi baya, faifan ya kaɗa iska, kunne ya ji. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Rice da Kellogg, su suka fito da wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa ake, daga rediyon mai shayi har zuwa na ɗakin Alhaji. Bambancin yana wajen yadda aka hana kowane ɓangare ƙara nasa surutun. Faifai mai arha yana lanƙwasa idan ya yi sauri, sai murya ta fito da wani kaushi. Akwati mai arha yana rawa tare da sautin, sai ka ji kamar ana magana a cikin tulu. Injiniya ya ce mu ƙwanƙwasa jikin akwatin ma'aji, muka ji yana amsawa kamar ganga. Da muka koma gidan marigayi muka ƙwanƙwasa nasa, kamar ka bugi dutse, sai yatsa ya yi zafi. Wannan nauyin da ke karya bayan masu ɗauka, kuɗi ne aka zuba domin katako ya yi shiru.

Akwai kuma masu kai abin ƙarshe. Kamfanin Bowers & Wilkins na Ingila yana yin ƙaramin bakin da ke fitar da siririyar murya da daimon da aka haɗa a masana'anta, kuma irin manyan sifikokinsa ake aiki da su a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan. Focal na Faransa yana amfani da wani ƙarfe mara nauyi mai suna beriliyam. Wilson Audio na Amurka ya taɓa fitar da wasu da aka sa wa kuɗi sama da dala 600,000 guda biyu. Da ma'aji ya ji wannan sai ya ce ashe Alhajinmu ma a sahun talakawa yake. Injiniya ya ƙara da wani abu da duk ɗan kasuwa zai gane: kayan da ake ƙera 'yan ɗaruruwa a shekara, dole kowane ɗaya ya ɗauki kuɗin bincike da albashin ma'aikata da hayar shagon da aka shimfiɗa wa kafet a tsakiyar Landan, ga ribar dila, ga ta mai rarrabawa. Wanda ake bugawa dubu ɗari a wata ba ya ɗauke da wannan nauyin. Saboda haka ko a ranar da Alhaji ya biya, wani kaso mai tsoka na kuɗinsa bai shiga cikin akwatin ba.

Duk wannan magana ce. Mu kuma an aiko mu mu kawo hujja da za ta gamsar da Baffa, wanda ba ya jin bayanin maganaɗisu. Sai Injiniya ya kawo shawarar a gwada da labule. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba. Wani masani ɗan Kanada, Floyd Toole, da abokin aikinsa Sean Olive, sun yi irin wannan a 1994 a kamfanin Harman, wanda ya mallaki JBL. Sun sa mutane sun saurari sifikoki suna ganinsu, sannan suka sake sa su saurara an rufe da labule. Da ido yana gani, manya masu sheƙi da tsada suka kwashe maki. Da aka rufe, tazarar ta ragu, har wata ƙarama mai arha da aka raina ta taso. Amma binciken nasu ya nuna wani abu kuma, wanda masu cewa duk yaudara ce ba sa son a ambata: idan an rufe ido, yawancin mutane, gwani da ɗan koyo, sukan karkata ga sifikar da ba ta ƙara wa sauti komai ba kuma ba ta rage masa ba. Wato kyau abu ne da ake iya ji, ana iya aunawa. Abin da babu tabbas a kansa shi ne ko kuɗi da kyau suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar muka taru a ɗakin Baba, mu tara, har da shugaba da Malam da Baffa da babban ɗan. Aka jera kaya kala uku: akwatin ma'aji mai fitilu, da wasu matsakaita na hannu da Injiniya ya saya wa kansa a kan naira 350,000, da na marigayi. Aka ja wani siririn baƙin yadi daga bango zuwa bango. Injiniya ya ɗauki lokaci yana daidaita ƙararsu da waya, domin ya ce duk wadda ta ɗara 'yar uwarta ƙara ko da kaɗan ne, kunne zai ce ita ta fi daɗi, kuma da wannan dabarar ake cin masu saye a shago. Kowa aka ba shi takarda, ya rubuta ɗaya ko biyu ko uku, ba a yi shawara da na kusa ba.

Aka fara da karatun Shaihu Husari. Ba a yi minti ɗaya ba kowa ya fitar da akwatin ma'aji daga lissafi, har shi ma'ajin, wanda bai san nasa yake kayarwa ba. Muryar tana fitowa da wani ƙugi a ƙasa da wani tsini a sama, haruffa suna cakuɗewa. Tsakanin sauran biyun kuwa aka rabu: biyar suka zaɓi na marigayi, huɗu suka zaɓi na Injiniya. Malam, wanda ya fi mu kunnen makhraji nesa ba kusa ba, yana cikin huɗun. Da aka gaya masa daga baya sai ya yi murmushi ya ce shi dai ya ji kowane harafi a mazauninsa a duka biyun.

Daga nan Malam ya ce shi iyakarsa ke nan, ya fita tsakar gida, aka saka kiɗa. A nan ne kuɗin Alhaji ya fara magana. Da aka sa wani faifai mai manyan ganguna da aka ɗauka da kyau, bakwai cikin takwas suka nuna na marigayi. Ba ƙara suka fi ba, tunda an daidaita. Abin da muka ji shi ne kowace ganga tana da wurinta, wannan daga hagu, wancan daga can baya, kuma idan aka buga babbar kana jin fatar tana karkarwa har ta mutu, ba wani dum kawai ba. Shugaba ya ce shi ya ɗauka mutanen suna bayan labulen. Na Injiniya sun yi ƙoƙari, amma idan kiɗa ya yi yawa sai su tattara shi wuri ɗaya kamar an ɗaure kaya a buhu.

Sai babban ɗan ya ɗauko abin da mahaifinsa ya fi so, waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, waɗanda aka kwafo daga tsofaffin kaset. A nan abin ya juye. Sifikokin marigayi suka fito da komai tsirara: shuuu ɗin kaset, da inda zaren ya taɓa tauna, da inda makirufo ya cika ya fashe. Kuntigin Ɗan Maraya yana nan, amma yana iyo cikin ƙura. Na Injiniya, da yake ba su kai su tonon asiri ba, sai suka rufa wa kaset ɗin asiri, har mutum biyar suka ce sun fi daɗin ji. Wannan ya tsaya mana a rai. Mafi yawan abin da mu muke saurara, wa'azi ne da aka ɗauka da waya a masallaci, da waƙar da ta bi ta WhatsApp sau goma kowane zango ana matse ta, da tsofaffin kaset irin waɗannan. Sifika ba ta iya mayar da abin da ba a ɗauka ba tun farko. Mai tsadar ma ita ce za ta fi nuna maka ramin.

Akwai wani rasit na biyu a jakar da ba mu ambata ba: wayoyin da ke haɗa sifikokin da amfilifaya, masu kaurin babban yatsa, fam 600. Injiniya ya cire su ya sa wayar jan ƙarfe mai kauri irin wadda ake sayarwa a yadi, ya mayar, ya sake cirewa, mu muna bayan labule. Babu wanda ya iya faɗin lokacin da aka canza. A kan wannan kam, Allah ya jiƙan Alhaji, an ci kuɗinsa.

Kafin a tashi, Injiniya ya yi mana wani abin da ya sa aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya saka wani siririn sauti daga waya yana ƙara masa tsini a hankali, ya ce duk wanda ya daina ji ya sauke hannu. An ce kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma wannan na yaro ne. Saman yana zaizayewa da shekaru da kuma hayaniya. Shugaba da Baffa suka fara saukewa. Mu 'yan arba'in da wani abu muka bi baya tun kafin a kai 15,000. Autar gidan, da ta leƙo ta taga, tana toshe kunne tana cewa a kashe, alhali mu muna zaune ba mu jin komai. Shekara ashirin na janareta da injin markaɗe da hon ɗin danfo ba su tafi a banza ba. Lokacin da mutum yake da kunnen, ba shi da kuɗin. Lokacin da kuɗin ya zo, wani ɓangaren kunnen ya riga ya tafi.

Gwaji na ƙarshe ba mu shirya shi ba. Da aka yanke shawarar a nemi mai saye, sai aka kwashe kayan zuwa falon shugaba, domin kada baƙi su riƙa shiga wa Hajiya gida. Falon shugaba kun san shi: tayil tun daga ƙofa, bango fes babu labule mai nauyi, teburin gilashi a tsakiya, ga janaretan maƙwabci a bayan taga. Aka haɗa, aka kunna faifan gangunan nan da ya sa mu tsit a ɗakin Baba. Wallahi da ba mu muka ɗauko su da hannunmu ba, da mun rantse an musanya. Sauti yana dukan tayil yana dawowa, gangunan sun haɗe sun zama guguwa, muryar mai waƙa tana amsa-kuwwa. Shugaba ya ce, “Injiniya, ko wani abu ya lalace a hanya?” Ya ce, “Ranka ya daɗe, lafiyarsu ƙalau. Ɗakin ne.” A ranar muka fahimci cewa kafet ɗin nan da labulen da kantar littattafan, da inbatar da Alhaji ya sa domin kada ya kunna janareta da dare, da ma kujerar da ya ajiye daidai tsakiya, duk suna cikin abin da muka ji. Kuma dukkansu a haɗe ba su kai kuɗin wayoyin nan biyu da sifika ɗaya ba.

Idan aka tambaye mu yau ko irin waɗannan kaya sun ci kuɗinsu, ga abin da za mu ce, kuma ra'ayinmu ne, ba hukuncin ƙungiya ba. Daga akwatin fitilu zuwa matsakaitan Injiniya, kowace naira ta yi aiki, kurma ne kaɗai ba zai ji ba. Daga na Injiniya zuwa na marigayi akwai ƙari na gaske, mun ji shi da kunnenmu, ba za mu ce ƙarya ne ba. Amma ƙarin bai yi kusa da ninkin kuɗin ba, kuma ba ya fitowa sai an haɗa masa abu uku: ɗaki mai shiru, da sautin da aka ɗauka da kyau, da mutumin da zai zauna wuri ɗaya ya saurara ba yana waya yana cin abinci ba. A cikinmu nawa ne suke da ukun? Mai zama a ɗaki biyu da yara shida da janareta a baranda, ko kyauta aka ba shi, kwalliya kawai ya samu. Wanda yake da naira dubu ɗari biyar yana son jin daɗin karatu ko waƙa a gida, mu dai da za mu ce ya sayi matsakaita, ya shimfiɗa kafet, ya rataya labule, ya janye su daga jikin bango, ya riƙe canjinsa.

Sai dai ba mu yarda da masu yi wa marigayi dariya ba, kuma mun ji ana yi. Mu ne muke ɗinka shadda ta dubban ɗaruruwa mu sa sau uku a shekara. Mu ne muke canza waya duk shekara biyu, tsohuwar ba ta yi komai ba. Da muka tambayi Hajiya ko yana amfani da ɗakin, sai ta ce, “Sakatare, in dai yana gari, bayan isha'i a can za ka same shi. Awa ɗaya, wani lokaci biyu. Idan kasuwa ta ɓata masa rai, can yake shiga ya fito kamar ba shi ba.” Shekara 12 ke nan. Ma'aji, da ba ya barin lissafi ya wuce shi, ya cire abin da aka sayar daga abin da aka saya, ya raba da dararen shekara 12, ya ce ya kama fam ɗaya da 'yan kai a kowane dare, wato wajen naira 2,500 a kuɗin yau, kuɗin tsire da shayi. Baffa ya ce da fuloti ya saya a bayan gari a 2013 da wannan miliyan 2, da yanzu marayu suna da abin da ya fi haka nesa. Shi ma gaskiya ya faɗa, kuma babu wanda ya amsa masa.

Mai sayen ya zo ne bayan mako bakwai, ta hanyar wani abokin Injiniya. Likita ne, Bayarabe, daga tsibiri. Ya zo da faifansa, ya roƙi shugaba a kashe fanka, ya sa aka shimfiɗa darduma biyu a kan tayil, ya zauna ya rufe ido kusan rabin awa. Ya duba ƙananan bakunan da tocila, ya ga ɗaya ya ɗan lotsa inda wani jika ya taɓa dannawa da yatsa, ya ce sai an yi odarsa daga waje, ya rage kuɗin wannan. Aka yi ciniki a gaban Baffa da Malam da babban ɗan, aka tsaya a naira miliyan 4.8 na sifikokin kaɗai. A naira ya ninka abin da Alhaji ya biya. A fam bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kafin a karɓi kuɗin, Malam ya juya ga yaron ya ce, “Ga kuɗinsu ya bayyana. Kana so a kan haka, a cire daga kasonka?” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, a sayar. Ni a takardata na Injiniya na zaɓa sau biyu.”

Kuɗin ya shiga asusun magada a ranar, kuma takardar banki da sa hannun shaidu huɗu suna wurinmu ga duk wanda yake son gani. Ƙungiya ba ta karɓi la'ada ba, Injiniya ma ya yafe tasa. Amfilifaya da wayoyin nan na fam 600 suna nan ba a sami mai saye ba tukuna; likitan ya ce yana da nasa. Wanda ya san mai buƙata ya tuntuɓi ma'aji. Yaron ya roƙi a bar masa kujerar da kafet ɗin, 'yan uwansa suka ce sun bar masa, kuma mun ji ya karɓi matsakaitan Injiniya a kan zai biya sau uku.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya albarkaci abin da ya bari.

Sakatare